Yadda ake sake haɗa injin motar tsere, da abin da ya sa sa'ar farko ke yanke masa tsawon rai

A manyan filayen tseren motoci, irin su Silverstone a Ingila da Nurburgring a Jamus da Kyalami a Afirka ta Kudu, akwai ranakun da ake buɗe ƙofa ga gama-garin masu sha'awar tuƙi. Mutum yakan biya kuɗi, ya shiga da motarsa, ya yi gudu iyakar ƙwarewarsa. Da yawa daga cikinsu sukan ware mota ɗaya domin wannan kaɗai, kuma ba daɗe ko ba jima sai an sauke injinta an sake haɗa shi.

Masu wannan sana'a sun yi ittifaƙi a kan cewa abubuwa biyu ne ke tantance ko injin da aka sake haɗawa zai daɗe ko zai buga tun ba a je ko'ina ba: ingancin awon da aka yi kafin a ɗaura shi, da irin riƙon da aka yi masa a sa'ar farko bayan an tayar da shi.

Lamarin ya wuce asarar kuɗi. Injin da ya fashe ana cikin gudu yakan zubar da baƙin mai a kan kwalta, wanda ke iya sa motocin da ke biye su zame, ko kuma man ya kama da wuta idan ya zuba a kan salansa mai zafi.

Wahalar da inji ke sha a fili

A tuƙin yau da kullum, inji yakan yi yawancin rayuwarsa yana juyi 2,000 zuwa 3,000 a minti ɗaya. A filin tsere kuwa yakan shafe minti 20 ko fiye yana kai-komo tsakanin juyi 5,000 da 7,000. A juyi 6,000, kirankshaf, wato sandar ƙarfen da ke mai da hawa da saukar fistin zuwa juyi, yana kewayawa sau 100 cikin daƙiƙa ɗaya, kowane fistin kuma yana tsayawa ya sauya alƙibla sau 200.

Ga misali daga Mazda MX-5, ƙaramar motar Japan da ta fito a 1989, wadda ke cikin motocin da aka fi gani a irin waɗannan ranaku. A injinta mai lita 1.8, fistin yana tafiyar milimita 85 daga sama zuwa ƙasa. A juyi 7,000, matsakaicin gudunsa yana kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Wannan ne ya sa ake lissafin rayuwar injin tsere da sa'o'in da ya yi aiki maimakon kilomitocin da ya ci.

Ko a manyan gasanni haka abin yake. A kakar Formula 1 ta 2024, mai tsere 24, inji huɗu kawai aka amince wa kowane direba, wanda ya zarce kuwa ana mai da shi baya a layin farawa. A gasar Top Fuel ta Amurka, inda motoci ke cin kusan mita 305 cikin ƙasa da daƙiƙa 4, ana warware injin a sake haɗa shi bayan kowane gudu ɗaya.

Warwarewa da bincike

Aikin yana farawa ne tun kafin a kwance noti. Akan gwada matsin kowace silinda, a kuma auna yawan iskar da ke zurarewa daga cikinta, domin a san inda rauni yake. Wajen warwarewa, ana sa wa kowane yanki lamba, saboda murfin konrod da murfin da ke riƙe kirankshaf an sassaƙa su ne daidai da mazauninsu. Musanya su yana iya lalata injin baki ɗaya.

Tsofaffin kayan da aka cire shaidu ne. Metal, wato ɓawon ƙarfe mai santsi da kirankshaf ke juyi a cikinsa, idan ya cinye har jan ƙarfen ƙarƙashinsa ya bayyana, alama ce ta cewa mai ya riƙa yankewa. Kan fistin da ya yi ƙananan ramuka kamar an tsattsaga shi yana nuna fetur ya riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba. Wanda ya sa sababbin kaya bai gano musabbabin ba, zai sake sauke injin a kan matsala iri ɗaya.

Daga nan akan binciki kirankshaf da konrod da maganaɗisu da garin ƙarfe, domin gano tsagar da ido ba ya iya gani. Ana sauya kusoshin konrod da sababbi, kasancewarsu cikin sassan da suka fi shan ja a duk injin. Akan kuma auna nauyin fistin da konrod a daidaita su, galibi har bambancinsu ya gaza giram ɗaya, don rage girgiza.

Awon da bai kai kaurin gashi ba

A injin da ke lafiya, kirankshaf ba ya taɓa metal yayin da yake aiki, yana shawagi ne a kan siririn shimfiɗar mai. Sanannen ma'auni a wajen masu haɗa inji shi ne a bar tazarar kusan milimita 0.025 ga kowane milimita 25 na kaurin wuyan kirankshaf. Wuyan da ke da milimita 50 zai buƙaci kusan milimita 0.05 ke nan, abin da bai kai kaurin gashin kai na yawancin mutane ba.

Idan tazarar ta matse, mai ba zai wuce yadda ya kamata ba, zafi ya taru, metal ya kama. Idan ta yi faɗi, ƙarfin mai zai faɗi. Ana aunawa da maikiromita, wasu kuma sukan tabbatar da wani siririn zaren roba mai suna Plastigauge, wanda ake matsewa tsakanin ƙarafan biyu a duba faɗin da ya baje.

Haka ma ringi, wato zoben da ke kewaye da fistin yana toshe iska. Dole a bar ɗan giɓi tsakanin bakinsa biyu, domin ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi. Ma'aunin da aka saba shi ne kusan milimita 0.1 ga kowane milimita 25 na faɗin silinda, wato kimanin milimita 0.33 a silinda mai milimita 83 irin ta MX-5. Injin tsere, musamman mai turbo, yana buƙatar fiye da haka. Idan bakin biyu suka haɗu saboda zafi, ringin zai karce bango, yana ma iya fasa kan fistin. Waɗannan alƙaluma jagora ne kawai, umarnin kamfanin da ya ƙera kayan shi ne abin bi.

Zanen da ke jikin bango

Kafin a sa sababbin ringi, ana goge bangon silinda da duwatsun wasa, waɗanda ke barin ƙananan layuka masu gicciye juna a kusurwar kusan digiri 45. Kwarin layukan yana riƙe mai. Tudunsu kuma yana aiki kamar zarto mai laushi, yana cin ringin sannu a hankali har ya dace da bangon.

Bayan gogewa sai wanki da ruwan zafi da sabulu da buroshi, har sai farin ƙyalle ya fito tas idan an shafa shi a bangon. Fetur ko kananzir kaɗai ba sa fitar da garin dutsen da ya maƙale, kuma abin da ya rage yana bin mai ya je ya cinye metal. Ana ɗaura kusoshi da sifana mai awo, bisa jeri da ƙarfin da aka ƙayyade, a wuri rufaffe da ƙura ba ta shiga.

Tayarwa ta farko

Ba a tayar da sabon inji a bushe. Akan cire filogi, a yanke fetur, a juya injin har sai agogon mai ya nuna ƙarfi, ta yadda mai zai isa ko'ina kafin wuta ta kama. Akan kuma daidaita lokacin wuta da adadin fetur tun da farko, domin injin ya tashi nan take. Fetur da ya yi yawa yana wanke man da ke bangon silinda, wanda ya yi kaɗan kuma yana jawo zafi.

A wannan mataki yawancin masu haɗa inji suna amfani da mai na musamman na gwajin farko, ko man da aka tace kai tsaye daga ɗanyen mai, suna jinkirta man sintetik zuwa bayan ringi ya zauna. Idan an sa sabon kamshaf mai gogar tafet mai shimfiɗaɗɗen kai, ana buƙatar mai da ke ɗauke da isasshen sinadarin zinki da fosfaras da ake kira ZDDP, sannan a riƙe injin tsakanin juyi 2,000 da 2,500, ana ɗan sassauyawa, na minti 20 zuwa 30. Barin irin wannan inji a silo yana iya cinye kamshaf cikin 'yan mintuna.

Yadda ringi ke zama

A nan ne mutane da yawa ke kuskure, cikin kyakkyawar niyya. A gareji da dama, har da na Najeriya, an saba barin injin da aka yi wa ringi yana silo na sa'o'i, da nufin a lallaɓa shi. Amma abin da ke manna ringi da bango ba ƙarfin tanƙwararsa ba ne kaɗai. Iskar da ke ƙonewa a silinda tana shiga bayansa ta tura shi waje. A silo wannan matsi kaɗan ne, don haka ringin yana shafar bango ne kawai, tudun layukan ya dushe, ƙonannen mai ya cike kwarin, bangon ya yi ƙyalli kamar madubi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da zarar bangon ya yi ƙyalli, injin zai riƙa shan mai yana hayaƙi, ƙarfinsa ya ragu, kuma sau da yawa maganin shi ne a sake warware shi a goge silinda.

Hanyar da aka fi bi ita ce a jira injin ya ɗumama sosai, sannan a ɗora masa nauyi daki-daki. Direba yakan sa giya ta uku ko ta huɗu, ya taka totur kusan rabi daga juyi 2,000 zuwa 4,000, sannan ya ɗage ƙafa gaba ɗaya ya bar injin ya rage wa motar gudu da kansa. Takawar tana matse ringi, ɗagewar kuma tana jawo mai sama ya sanyaya bango ya kwashe garin ƙarfe. Ana maimaita wannan sau da dama, ana ƙara totur da juyi kaɗan-kaɗan. Abubuwa uku ake gudu: doguwar silo, tsayawa a juyi ɗaya na dogon lokaci, da tilasta wa inji jan babbar giya yana kan ƙaramin juyi.

Ƙungiyoyin tsere suna yin wannan a kan na'urar auna ƙarfin inji da ake kira daino, inda ake iya kammalawa cikin sa'a ɗaya ko biyu ana kallon zafi da ƙarfin mai da yanayin ƙonewar fetur. Akwai saɓani kan tsawon lokaci: wasu suna ganin a ci gaba da sassauci har kilomita 800 zuwa 1,600, wasu suna ganin ringin zamani yana zama da wuri. Duk da haka ɓangarorin biyu sun yarda cewa sabon inji yana buƙatar nauyi mai sassauyawa.

Abin da man farko ke faɗa

Bayan zagayen farko ana zubar da man tun yana da ɗumi, a yanka matatar mai a buɗe takardar cikinta. Ɗan garin ƙarfe mai launin toka abu ne da ake sa rai. Ɓarɓashi mai launin jan ƙarfe kuwa daga metal yake, kuma umarni ne na a dakata nan take. Akan sake gwajin zurarewar iska, inda ƙasa da kashi 10 cikin 100, tare da daidaito tsakanin silindoji, ke nuna ringi ya zauna.

Bayan injin ya huce ana duba tazarar bawul, a bi kowace tiyo da abin da ya ɗaure ta. Tseren sa'o'i 24 na Le Mans a Faransa a 2016 ya nuna muhimmancin irin waɗannan ƙananan abubuwa: motar Toyota da ke kan gaba ta rasa ƙarfi saura 'yan mintuna a kammala, sakamakon matsalar mahaɗin bututun iska na turbo, nasara ta koma ga Porsche.

Ranar farko a fili

Fili yana da wata jarrabawar da daino ba ya kawowa. A doguwar kwana, mai yakan taru a gefe guda na kwanon da ke ƙasan inji, famfo ya zuƙi iska, metal ya bushe na 'yan daƙiƙu. Shi ya sa ake sa wa kwanon shingayen ƙarfe a ciki, ko a mai da man cikin tanki na daban, tare da babbar fitilar gargaɗi a gaban direba.

Ƙwararru sukan shawarci direba ya yi zagayen farko ƙasa da iyakar juyin injin, kada ya taka sosai sai zafin mai ya kai kusan digiri 80, ya kuma dawo rumfa bayan 'yan zagaye a duba yoyo. Daga wannan rana ake buɗe wa injin littafi, ana rubuta sa'o'insa da ƙarfin mansa da sakamakon kowane gwaji, domin littafin ne zai nuna lokacin da ya kamata a sake sauke shi tun bai buga ba.