Ƙwayoyin Nano a Man Gas na Tsirrai: Amfaninsu da Illarsu ga Injin Dizal

1.0 Gabatarwa

Tun da man gas ya yi tsada a shekarar 2022, masu injin niƙa da tarakta a Rogo Ruma da kewayen Karaye suke ji a jikinsu. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba ko man tsirrai da aka zuba wa ƙwayoyin nano zai fisshe su.

2.0 Man Gas na Tsirrai

Wannan dabara ta daɗe, domin a bajekolin Faris na 1900 an tayar da injin dizal da man gyaɗa. A yau akan dafa man da sinadarin metanol da soda, a cire gilisarin, ya tsinke. Irin wannan mai bai cika baƙin hayaƙi ba, amma ya fi man gas kauri, kuma ƙarfinsa ya gaza da kimanin kashi 10 cikin 100.

3.0 Aikin Ƙwayoyin

Nanomita kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita, ƙwayoyin kuwa ba su wuce nanomita 100 ba. Akasari haɗi ne na oksijin da ƙarfen seriyom ko alminiyom, kuma abin da ake zubawa a jarka mai lita 20 bai kai giram 2 ba. Ƙwayar seriyom takan riƙe oksijin, ta sake shi lokacin ƙuna, sai man ya ci sosai, hayaƙi ya ragu.

4.0 Matsaloli

Na farko, idan mai ya jima a ajiye ƙwayoyin kan dunƙule su kwanta, su toshe matata da nozul. Na biyu, wasunsu kan fita da hayaƙi, su shiga huhun mai niƙa da yaran da aka aiko cikin rumfar da ba ta da taga.

5.0 Kammalawa

A ganinmu, tace man da kyau shi ne kan gaba, ƙwayoyin su biyo baya. Kuma kada a ƙona man gyaɗa da ake ci, alhali ga binidazugu a shingen gonaki, ga kuma 'ya'yan darbejiya suna zuba a banza.