Tsofaffin Havana da Fim Ɗin da Ya Riske Su da Rai

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau za mu tsallaka teku zuwa tsibirin Kyuba, mu waiwayi wani fim da ya fito a 1999, sunansa Buena Vista Social Club. Ba wasan kwaikwayo ba ne. Babu jarumi, babu mugu, babu wanda aka rubuta wa abin da zai faɗa. Wasu tsofaffin makaɗa ne da mawaƙa, masu shekara saba'in, tamanin, har da mai casa'in, aka bi su da kyamara gida-gida da titi-titi.

Asalin labarin daga nan Afirka ta Yamma ya taso. A 1996, Nick Gold, shugaban kamfanin faifai na World Circuit da ke Landan, ya shirya haɗa makaɗan Mali da na Kyuba a birnin Havana su yi kundi guda. Dalilinsa mai ƙarfi ne, domin kiɗan Kyuba daga Afirka ya samo tushe ta hanyar bayin da aka kwashe, kuma daga baya ya dawo ya mamaye gidajen rawa na Bamako da Dakar da Kinshasa. Ya gayyaci Ry Cooder, makaɗin jita ɗan Amurka wanda ya riga ya yi aiki da Ali Farka Touré. Daga Mali kuwa ana jiran Djelimady Tounkara mai jita da Bassekou Kouyaté mai kaɗa ngoni, ɗan'uwan molon nan namu. Cooder ya sauka a Havana, an kama ɗakin ɗaukar sauti na EGREM, sai ga labari cewa biza ba ta fito ba, mutanen Mali ba za su zo ba.

Wani hanin ga Allah baiwa ne. Akwai wani makaɗi ɗan Kyuba, Juan de Marcos González, wanda ya daɗe da burin tattaro tsofaffin da suka yi tashe a shekarun 1940 da 1950. Ya san gidajensu, ya san wanda ya mutu da wanda yake raye. Shi ya shiga gari ya riƙa zaƙulo su, kuma cikin kwana 6 aka ɗauki kundin. Sunan da aka sa masa na wani tsohon kulob ne na baƙar fata a Havana, wanda aka rufe tun bayan juyin juya halin 1959. Kundin ya fito a 1997, ya ci kyautar Grammy a 1998, aka sayar da miliyoyin kwafe.

(Kiɗa: Chan Chan)

Wannan waƙa da kuka ji ta Compay Segundo ce, wanda aka haifa a 1907. Shekaru masu yawa ya yi yana naɗin taba sigari a masana'anta bayan tauraronsa ya dusashe. A farkon fim ɗin za ku gan shi cikin wata tsohuwar mota buɗaɗɗiya, da malafarsa da sigarinsa, yana zagaya unguwa yana tambayar mutane inda kulob ɗin yake a da. Wannan ya nuna nan, wancan ya ce a'a, can ne. Wata dattijuwa ta tuna ta taɓa taka rawa a wurin. Ginin ya zama gidan zama, kuma babu ko allo da ke nuna abin da aka taɓa yi a cikinsa.

Wanda ya riƙe ragamar fim ɗin shi ne Wim Wenders, darakta Bajamushe, tsohon abokin aikin Cooder tun daga fim ɗin Paris, Texas na 1984. Cooder ne ya ba shi kaset ɗin waƙoƙin, ya saurara ya kasa ajiyewa. A 1998 ya bi shi Havana da 'yan ma'aikata kaɗan da kyamarar bidiyo ta zamani, wadda ba ta da nauyin kayan fim na da. Saboda haka ya iya kutsawa lungu da ɗakuna masu ƙunci. Kuma ya yi wani abu da nake ganin shi ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya: bai sa mai sharhi ya yi magana a madadinsu ba. Kowane tsoho yana fuskantar kyamara ya faɗi sunansa, da garinsu, da shekarar haihuwarsa, da bakinsa.

Ku dubi Rubén González, makaɗin piyano da aka haifa a 1919. Gara ta cinye piyanon gidansa, sanyin ƙashi ya kama yatsunsa, har ana cewa ya daina kiɗa. Da aka kira shi, kullum sai a tarar da shi a bakin ƙofar ɗakin ɗaukar sauti tun kafin a buɗe. Akwai wurin da aka nuna shi a wani babban zaure mai dogayen tagogi, shi kaɗai da piyano, yara ƙanana masu koyon wasan motsa jiki suna tsalle kewaye da shi. Yana kaɗawa yana kallonsu yana murmushi, yatsun da aka ce sun mutu suna gudu.

Amma wanda ya fi shiga zuciyar masu kallo shi ne Ibrahim Ferrer. Duk da sunansa, ba Musulmi ba ne. An haife shi a 1927 kusa da Santiago, ya zama maraya yana ɗan shekara 12. Ya yi waƙa shekara da shekaru a bayan wasu, ba a cika sa sunansa a jikin faifai ba, har ya gaji ya bari. Yana zaune da ɗan kuɗin fansho, yana haɗawa da sana'ar shushaina, ranar da Juan de Marcos ya zo ɗaukarsa. Shi da kansa ya ba da labari cewa ko wanka ba a bari ya yi ba. Kyamara ta shiga ɗakinsa, ya nuna wata sanda da ya gada daga mahaifiyarsa, da kusurwar da yake ajiye zuma da turare bisa addinin gargajiyarsu, wanda ke da tushe a ƙasar Yarabawa. Daga nan sai a kai ku dandalin Carré a birnin Amsterdam, inda suke rera waƙar Silencio shi da Omara Portuondo, mace ɗaya tilo a cikin tawagar. Da suka kai ƙarshe hawaye ya zubo mata, ya sa hannu ya share mata a gaban taron jama'a. Babu daraktan da zai iya tsara wannan.

(Kiɗa: Silencio)

Ina son fim ɗin nan ƙwarai, sai dai akwai inda yake ci mini tuwo a ƙwarya. Wanda ya kalle shi ba tare da sanin tarihin ba zai ɗauka Ba'amurke ne ya zo ya tono mutanen da ƙasarsu ta manta. Ana yawan nuna Cooder da ɗansa Joachim, shi kuwa Juan de Marcos, wanda ya yi wahalar nemo su ya kuma jagoranci kiɗan, sai dai a hango shi jefi-jefi. Ba a yi masa adalci ba. Haka kuma rusassun gine-gine da tsofaffin motocin Havana sun fito gwanin sha'awa a hoto, alhali talauci ne da takunkumin Amurka na tun farkon shekarun 1960 suka bar su a haka. Cooder kansa ya ɗanɗana, don gwamnatin ƙasarsa ta ci shi tarar dala 25,000 saboda aikin da ya yi a Kyuba.

Fim ɗin ya ƙare a birnin New York, a zauren Carnegie, ranar 1 ga Yuli 1998. Kafin wasan an nuna tsofaffin suna yawo a titi suna leƙa tagogin shaguna, suna musu a kan ko su waye mutum-mutumin shahararrun Amurkawa da aka jera. A kan dandali kuwa aka miƙo musu tutar Kyuba suka ɗaga, a tsakiyar ƙasar da ta sa musu takunkumi, jama'a suna tsaye suna tafi. Ferrer ya tsaya cik yana kallon taron, bai ce komai ba, kyamara ta daɗe a kan fuskarsa.

An fara nuna fim ɗin a bikin fina-finai na Berlin a 1999, ya kuma shiga takarar Oscar a 2000, ko da yake bai ci ba. A wannan shekarar ce aka ba Ferrer kyautar Latin Grammy ta sabon mawaƙi, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Makaɗan Mali ma ba su yi asara ba, domin a 2010 aka fitar da kundin AfroCubism, inda Tounkara da Kouyaté da Toumani Diabaté suka haɗu da Eliades Ochoa na Kyuba.

Lokacin da tsofaffin suka samu bai yi tsawo ba. Compay Segundo da Rubén González sun rasu a 2003. A 2004 Ferrer ya sake cin Grammy, amma Amurka ta hana shi bizar zuwa karɓa. Ya rasu a Havana a watan Agusta 2005, jim kaɗan bayan ya dawo daga rangadin wasa a Turai, yana da shekara 78.

Ga muryarsa nan a waƙar Dos Gardenias, wadda aka ɗauka a waccan shekara ta 1996.

(Kiɗa: Dos Gardenias)