Wa zai ɗauki mangala idan jaki ya ƙare?

A watan Fabrairun 2024, shugabannin ƙasashen Afirka da suka taru a Adis Ababa sun amince da hana yanka jakuna domin cinikin fatarsu a duk faɗin nahiyar. Labarin ya wuce a kafafen yaɗa labaranmu kamar iska, waɗanda suka tsaya a kansa ma yawancinsu dariya suka yi: wai shugabanni sun bar yunwa da yaƙe-yaƙe sun zauna tattauna jaki. Ni dai ban ga abin dariya ba. A ganina, cikin shawarwarin da aka yanke a wannan taro, kaɗan ne suka shafi talakan karkarar Arewa kai tsaye kamar wannan.

Jaki ɗan asalin Afirka ne. Wani babban binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa a nan nahiyar aka fara horar da shi, wajen gabashinta, kimanin shekara 7,000 da suka wuce, daga nan ya bazu duniya. Har yau ƙasar Habasha ce ta fi kowace ƙasa yawan jakuna. Mu kuma a ƙasar Hausa, duk wanda ya karanta tarihin fatauci ya san a bayan jaki aka gina dukiyar Kano da Katsina. Ayarin fataken da ke tafiya Gwanja, su yi watanni a hanya kafin su isa Salaga, jakuna ne ke ɗauke da kanwa da tufafi da jemammun fatu, su komo da goro. Ana tuna sunan madugu, ana kirarin attajiri, amma dabbar da ta taka sayyadar ba ta samu ko da godiya ba. Iyakar abin da ya rage mata a bakinmu shi ne zagi: yaro ya kasa karatu a ce masa jaki.

Amma kakanninmu sun san darajarsa, shaida kuwa ita ce yawan kalmomin da suka tanadar masa. Akwai auraki da duna da fari da idabari, kowane da launinsa da abin da aka san shi da shi. Akwai akumari da ake shimfiɗa masa a baya, da mangala ta ɗaukar taki da yashi, da taiki na zuba hatsi, da dabaibayi da ake yi masa idan an sake shi kiwo. Al'umma ba ta ƙirƙirar kalmomi haka a kan abin da ba ta dogara da shi ba.

Dogaron nan ya fi fitowa fili a ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya daɗe yana nazarin yadda manoman wannan yanki ke noma gona guda shekara da shekaru ba tare da sun bar ta ta huta ba, kuma ba ta mutu ba. Sirrin taki ne. Da rani manomi zai ɗora itace ko kara a kan jakinsa ya shiga birni ya sayar, ya cika mangala da toka da shara da kashin dabbobi ya komo, ya zube tsibi-tsibi a gona kafin damina. Birni ya samu makamashi, ƙauye ya samu taki, jaki kuma shi ne gadar da ke tsakani. Cire shi daga wannan lissafi, sai ka ga gonar da ke nesa da titi ta daina samun abincinta.

Har gobe aikin bai ƙare ba. A garuruwan da rijiya ke da zurfi da nisa, jaki ne ke ja guga, shi ne ke kawo jarkoki gida. Shi ke kwaso amfanin gona daga inda mota ba ta shiga, ya kai yashi da jar ƙasa wurin magina, ya ja amalanke ranar kasuwa. Makiyaya kuwa, in za su yi ƙaura, a bayansa ake ɗora ƙananan yara da ƙwarya da tabarmi. Dabba ce mai haƙurin ƙishirwa, mai wadatuwa da karan dawa da ɗan dusa, ba ta neman fetur ko bakanike. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan magana ta ƙarshe, domin tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin ɗaukar buhu a babur ko a a-kori-kura ya zama abin da ƙaramin manomi ke lissafawa sau biyu. A daidai lokacin da ya fi bukatar komawa ga jaki, a lokacin ne jakin ya fi ƙarfin aljihunsa.

Me ya kawo haka? Amsar tana ƙasar Sin. Akwai wani haɗi na maganin gargajiyarsu da suke kira ejiyawo, ana dafa fatar jaki har ta narke ta zama kamar ƙaro, a daskarar a yanka. Gundumar Dong'e da ke lardin Shandong ce cibiyar sana'ar tun ɗaruruwan shekaru. A da abin sarakuna da masu hali ne. Da tattalin arzikin ƙasar ya bunƙasa, sai miliyoyin mutane suka samu halin saye, ana sha don ƙarin jini, ana sa shi a kayan kwalliya da na maƙulashe. A lokaci guda kuma injina suka maye gurbin jaki a gonakinsu. Ƙasar da ke da jakuna kusan miliyan 11 a farkon shekarun 1990 ta wayi gari da abin da bai wuce miliyan 2 ba. Masana'antu suka juyo Afirka. Ƙungiyar Donkey Sanctuary ta Birtaniya ta ƙiyasta a 2024 cewa wannan sana'a na cin fatar jaki aƙalla miliyan 5.9 a kowace shekara.

Maƙwabtanmu sun riga mu farga. A 2016 gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakuna, bayan ta lura cewa kimanin 80,000 aka fitar a cikin wannan shekara tun ba ta ƙare ba, alhali a 2015 gaba ɗaya 27,000 ne. Burkina Faso ma ta kafa irin wannan doka a shekarar. Kenya ta bi wata hanyar dabam: ta ba da lasisin mayankar jakuna na zamani da fatan samun kuɗin shiga da ayyukan yi. Cikin shekara uku, daga 2016 zuwa 2018, an yanka sama da 300,000, satar jakuna ta addabi ƙauyuka, mata suka fito zanga-zanga saboda tulun ruwa ya koma kansu. A 2020 gwamnati ta janye lasisin. Wannan darasi ne da ya kamata duk mai cewa a halatta cinikin a tsara shi ya zauna ya karanta da kyau.

A Najeriya hanyar sananniya ce. Ana tara jakuna a kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari a Jihar Jigawa, da yawansu sun tsallako ne daga Nijar, a loda su a tirela a nufi kudu, musamman Ezzamgbo a Jihar Ebonyi, inda ake yankawa a sayar da naman a shanya fatar. Fitar da ɗanyar fata haramun ne a dokar kwastan, amma kamun da jami'an ke yi lokaci zuwa lokaci yana nuna cewa kasuwar na ci. A watan Satumban 2022, a filin jirgin sama na Legas, an kama buhuna cike da mazakutar jakuna kusan 7,000 da za a kai Hong Kong. Kowace ɗaya jaki guda ne da ya bar wani gida. Ƙidayar dabbobi ta ƙasa da aka yi a farkon shekarun 1990 ta sa jakunan Najeriya kusan miliyan ɗaya ne kacal. Mai karatu ya auna wannan adadi da abin da masana'antun Sin ke nema a shekara.

A majalisa an yi yunƙuri iri biyu. Garba Datti Muhammad, lokacin da yake wakiltar Sabon Gari a Majalisar Wakilai, ya gabatar da ƙudurin haramta kashe jakuna da fitar da sassansu. Sanata Yahaya Abdullahi na Kebbi ta Arewa kuma ya kawo na tsara yankan da kiwon. Bambancin ƙudurorin biyu shi ne ainihin muhawarar, kuma ba zan ce hujjar ɓangare na biyu banza ce ba. Dillalai na cewa dubban mutane na cin abinci a sana'ar, kuma in duniya na son fatar jaki, me zai hana mu kiwata mu sayar kamar yadda muke sayar da fatar akuya? Magana ce mai daɗin ji. Matsalarta ita ce halittar jakin kanta.

Akuya na ɗaukar ciki wata biyar, sau da yawa ta haifi biyu, cikin shekara 'ya'yan sun isa. Jaka kuwa shekara guda cur take ɗauke da ciki, wani lokaci har ta zarce, ta haifi ɗa tilo, ɗan kuma sai ya yi shekara biyu zuwa uku kafin ya isa haihuwa ko aiki mai nauyi. Jakar da ke wahalar dako ba kowace shekara take haihuwa ba. Ba a kuma tara jakuna dubbai a killace su hayayyafa yadda ake yi da kaji. Ƙasar Sin da kuɗinta da masananta ta gwada gonakin jakuna, ba su cike mata giɓin ba, shi ya sa ta zo nan. Wanda ya yi mana alkawarin cewa kiwo zai riski yanka, ya fara gaya mana yadda zai gajarta wata goma sha biyu.

Akwai kuma abin da ba a faɗa. Mai sayen fata bai damu da lafiyar dabbar ba, domin fatar ramammen jaki da ta ƙosasshe kuɗinsu ɗaya. Saboda haka ake cusa su a mota kwana da kwanaki ba ruwa ba ci, wanda ya mutu a hanya a feɗe shi a wurin. Irin wannan zirga-zirga ba tare da duban likita ba ita ce hanyar annoba. A 2019 murar dawaki ta ratsa Afirka ta Yamma ta kashe dubban jakuna a Nijar, ta kuma taɓa yankin Sakkwato. Sannan tunda mafi yawan malamanmu sun haramta cin naman jakin gida, ba mu da al'adar yanka shi, ba mu da sarkin pawa da ke sa ido a kansa; duk abin da ke faruwa a ɓoye yake faruwa, kuma abin da aka yi a ɓoye ba mai iya rantsuwa a kan inda namansa ya ƙare.

Na sha jin ana zargin manomin da ya sayar da jakinsa da rashin hangen nesa. Wannan shi ne a bar jaki a daki taiki. Mutumin da matarsa ke kwance, ko rumbunsa ya ƙare a watan Yuli, aka taya masa dabbarsa ninkin abin da ya saya, ba wa'azi zai hana shi sayarwa ba. Abin baƙin cikin yana zuwa ne daga baya, ranar da ya koma kasuwa da niyyar maye gurbi ya tarar farashin ya wuce shi, domin yanzu da mai fata yake takara. Daga ranar, kayan da jaki ke ɗauka ba su ɓace ba, sun dai sauya mai ɗauka. Ruwa ya koma kan matar gida, itace ya koma kan yarinyar da ya kamata a ce tana aji. Wannan asara ba ta shiga littafin kwastan, ba ta kuma fitowa a lissafin kuɗin shiga da dillalai ke kawowa majalisa.

Yanzu muna da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya, wadda aka ƙirƙira a 2024. Na san hankalinta na kan shanu da madara da rikicin manoma da makiyaya, kuma hakan daidai ne. Amma shawarar Adis Ababa ba ta aiki da kanta. Sai kowace ƙasa ta mayar da ita doka ta kuma tsaya a kai. Abu na farko da nake so in gani shi ne ƙidaya, domin ba a tsare dukiyar da ba a san yawanta ba. Na biyu, jihohin da kasuwannin suke, wato Jigawa da Katsina da Sakkwato da Kebbi da Yobe, ba sai sun jira Abuja ba. Tirelar jakuna ba allura ba ce, a gaban sarkin kasuwa da masu karɓar haraji ake loda ta, ta kuma wuce shingen jami'ai da dama kafin ta tsallake Kogin Binuwai. In hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi suka hana loda jakuna mata da ƙanana, rabin aikin ya kammala.

Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika kusa da Zariya tana da masanan da suka yi aiki a kan jakunanmu na gida. A ba su kuɗi su inganta iri, jihohi kuma su sa jaki cikin rabon dabbobin da suke yi wa mata da matasa, kamar yadda ake raba awaki da shanun huɗa. Malaman dabbobi da ke zagayen rigakafi su riƙa duba shi, su koya wa masu shi gyaran akumari, domin yawancin gyambon da muke gani a bayan jakuna daga mugun ɗauri yake da lodin da ya wuce kima. Jakar da ta samu abinci da hutu a ƙarshen cikinta ita ce za ta ba mai ita ɗa mai rai.