Masu hawan babur mai ƙafa huɗu, rairayi ba katifa ba ne

Na gaji da ganin irin wannan bidiyon. Duk ƙarshen shekara, lokacin da zafin Dubai ke lafawa, sai shafukan sada zumunta su cika da mutanenmu a kan babur mai ƙafa huɗu, suna keta tuddan rairayin Lahbab ko na Al Badayer. Ga Alhaji cikin jallabiya da silifas, ba hular kwano, ya naɗa ɗan rawanin nan mai ja da fari da ya saya a bakin hanya. Ga amarya a bayansa, mayafinta na lilo daf da sarƙa. Wani har da ƙaramin ɗansa a kan tanki. In ka yi magana amsar ɗaya ce: "Haba malam, rairayi ne fa, ko ka faɗi ai katifa ce." Waɗanda suka sayi nasu babur ɗin kuma suna da irin wannan tunanin ta wata fuskar. A ganinsu tunda babu kwalta mai ramuka, babu duwatsu, to injin hutawa yake yi a cikin rairayi, ba ya bukatar wata kulawa. Duka biyun ganin kitse ake yi wa rogo.

Babur ɗin ba baƙo ba ne. Kamfanin Honda ya fito da mai ƙafa uku a 1970, yawan kifewarsa ya sa aka daina sayar da sababbinsa a Amurka a 1988, Suzuki kuma ya kawo mai ƙafa huɗu a 1982. Iri biyu aka fi gani: na tsere, mai jan ƙafar baya da sarƙa, irin su Yamaha Raptor 700 da Banshee, sai na aiki, mai nauyi, wanda galibi yake ja da ƙafa huɗu kuma yake aiki da bel.

Mu dawo kan taushin da ake faɗa. Tarin rairayi ne ke da laushi a tafin hannu, amma ƙwayarsa ɗaya-ɗaya dutse ce. Yawancin rairayin hamada gutsattsarin wani ma'adini ne da ake kira kwats, wanda a ma'aunin tauri na Mohs, mai hawa 1 zuwa 10, yake kan 7. Gilashin taga bai kai 6 ba. Alminiyon da ake ƙera fistin da shi bai ma kama ƙafarsa ba. Wanda ya taɓa jefa tabarau a aljihu mai rairayi ya ga zanen da ke fitowa a kai. Abin da ake kira katifa ke nan, kuma shi injin yake shaƙa tun safe har yamma. Injin Raptor 700, in an matsa totur, yana zuƙar iska fiye da lita 1,000 a minti ɗaya, a daidai lokacin da babur ɗin da ke gabanka yake watso maka rairayi da tayoyinsa na baya. Tsakanin wannan rairayi da cikin injin babu kome sai ɗan soson nan na matatar iska.

Nan ne haushina ya fi yawa, domin akwai bakaniken da zai cire matatar ya ajiye, ko ya huda akwatinta, wai don injin ya samu numfashi ya ƙara gudu. A titin gari ma wannan ɓarna ce, balle a hamada. Rairayin da ya wuce matata yana cin bakin bawul, ya kankare bangon silinda, ya cinye zobban fistin. Ba a ganin abin rana ɗaya. Sai dai babur ya fara wuyar tashi da safe, ya fara shan baƙin mai, salansa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi, ƙarfi ya ragu a kan tudu. Daga nan sai a ce an sayar wa mutum jabu, ko an zuba masa gurɓataccen fetur. Ga gwaji mai sauƙi: cire matatar, ka zura yatsa cikin bututun da ke bayanta, wanda ya nufi injin. In ka ji tsaki-tsaki a yatsanka, rairayi ya riga ya sami hanya.

Matatar soso kuma ba a busasshiya take aiki ba. Soson riƙe mai kawai yake yi, man ne ke kama ƙura. Sai a wanke ta da abin wankinta, a biyo da ruwan ɗumi da sabulu, a matse a hankali ba tare da murɗawa ba, a bar ta ta bushe sarai. Sannan a shafe ta da man matata mai danƙo har ko'ina ya samu, a matse rarar, a zaga bakinta da ɗan giris inda take haɗuwa da akwatin don kada ƙura ta bi ta gefe. Fetur yana wanke ta da sauri, amma yana narkar da gam ɗin da ya haɗa soson, ga haɗarin gobara. A cikin rairayi kullum ake duba ta, ba wata-wata ba, kuma masu hankali sukan tafi da ta biyu a leda, an riga an shafe ta da mai. In ta takarda ce, ba a wanke ta, ba a shafa mata mai, canzawa ake yi.

Sarƙa kuma akasin haka take so. Ɗabi'ar nan tamu ta tsiyaya wa sarƙa tsohon baƙin mai har yana ɗiga, a hamada kashe ta take yi. Mai danƙo yana tara rairayi, cakuɗin ya riƙa cin sarƙar da haƙoran da take hawa a kowane juyi. Yawancin sarƙoƙin waɗannan babura suna da 'yan zobban roba da suka kulle maiƙonsu a ciki, saboda haka abin da suke bukata daga waje kaɗan ne: a goge da buroshi mai laushi, a fesa man sarƙa mai bushewa, a share rarar da tsumma. Kada fetur ya taɓa ta, yana lalata robar. A duba sakinta yadda littafin babur ɗin ya faɗa, domin wadda aka ɗaure tamau tana iya tsinkewa lokacin da babur ya dira daga tsalle.

Batun hutun injin kuwa, babu inda yake shan wuya kamar rairayi. Taya na nutsewa, injin na kuka da ƙarfi, amma tafiyar kaɗan ce, iskar da za ta ratsa lagireto ta sanyaya shi ba ta da yawa. Don haka a duba ruwan lagireto tun injin yana sanyi, a tabbata fankarsa tana tashi, a hure rairayin da ya toshe ramukansa. Kada a kuskura a buɗe murfinsa da zafi. Juyen mai ya zo da wuri fiye da na babur ɗin da ke yawo a gona, kuma in mai kuloci ne a zuba man babur mai alamar JASO MA, don wasu mayukan mota suna sa kuloci santsi. Mai bel kuma, in zai yi tafiyar hankali ko ya kafe, ya sa ƙaramar giya. Ƙaurin roba da kake ji bel ɗinka ne ke ƙonewa. Fetur ma ya fi saurin ƙarewa a rairayi, kada a yi lissafi da na titi.

Sai taya, inda ake yin kuskuren da ya fi kowane yawa. Mai faci ya saba da mota, wadda ke ɗaukar iska wajen psi 30 zuwa 35, ya kuma saba gane taya ta ƙoshi in ya buga mata ƙarfe ta amsa. Tayar wannan babur ba haka take ba. Galibinsu tsakanin psi 4 da 7 suke, kuma adadin yana rubuce a jikin babur ɗin. A rairayi ana ɗan ragewa, wajen 3 zuwa 4, don tayar ta baje ta hau saman rairayin yadda tafin raƙumi ke yi, maimakon ta tona rami. Tayar da aka cika tamau tana nutsewa, tana sa babur tsalle-tsalle, tana kuma sauƙaƙa kifewa. In aka rage fiye da kima kuma, tana iya zamewa daga bakin wili a kwana. Gejin mota allurarsa ba ta ma motsi sosai a wannan awo, sai an nemi ɗan ƙaramin geji na ƙarancin iska. A auna tun taya na sanyi, don zafin rana yana ƙara awon. Dama da hagu kuma su zo daidai. A irin na tsere, tayoyin baya biyu a kan sandar ƙarfe ɗaya suke, tare suke juyawa, in ɗaya ta fi kumbura sai babur ya riƙa fizgarka gefe guda. Akwai tayoyin baya na musamman masu fukafukan roba da ke kamfatar rairayi, suna da daɗi a kan tudu, amma kwalta na cinye su nan da nan.

To, yanzu jikin mai hawa, wanda aka ce katifa na jiransa. Rairayin da ka zauna a kai a hankali shi ke lotsawa. Wanda ka faɗa wa da gudu ba ya samun lokacin matsawa. Ba ma faɗuwar ce babbar matsala ba, abin da ke biyo ka ne. Raptor 700 da mai a cikinsa ya kai kilo 190, manyan na aiki da yawa sun haura 300. Babur mai ƙafa biyu yakan zame ya bar ka, wannan kuwa birkicewa yake yi ya bi ka gangare, ya sauka a ƙirji ko a wuya. Ƙafa huɗun da ke sa shi tsayawa da kansa a fili ba sa hana shi kifewa a gefen tudu, domin dogo ne kuma ba shi da faɗi.

Shi kansa tudun rairayi fuska biyu gare shi. Ɓangaren da iska ke bugowa yana hawa a hankali, ƙasarsa da ɗan tauri. Ɗaya ɓangaren kuwa yankewa yake yi, gangarensa wajen digiri 30 zuwa 34, rairayinsa sako-sako. Wanda ya taso da gudu ta fuska mai sauƙi ba ya ganin yankewar sai tayoyin gaba sun bar ƙasa. Da tsakar rana abin ya fi muni, don babu inuwar da za ta nuna rami ko baki, kome ya zama shimfiɗa ɗaya a ido. Iska kuma tana sauya tudun, wanda ka sani jiya ba lalle shi ne na yau ba. Don haka a sassauta kafin ƙololuwa, a leƙa, sannan a gangara kai tsaye da ƙaramar giya, jiki ya koma baya, kada a damƙe birkin gaba. Wajen hawa jiki ya yi gaba. In ƙarfi ya ƙare a tsakiyar tudu, kada a bar babur ya tafi da baya: a riƙe birki, a sauka ta gefen da ke sama. A Glamis, filin rairayin nan na jihar Kalifoniya, doka ce kowane abin hawa ya ɗaura tuta a sanda mai tsawon ƙafa 8 daga ƙasa, don wanda ke hawowa ta bayan tudu ya hango shi. Ko babu doka inda kake, tutar ba ta da tsada.

Dogon sirdin nan da ake ɗora amarya a kai, ba don fasinja aka yi shi ba. Fili ne da matuƙi zai riƙa matsawa gaba da baya da gefe, don da nauyin jiki ake sarrafa babur ɗin. Wanda aka ƙera don mutum biyu daban yake, ya fi tsawo, yana da mazauni da mariƙi na biyu. Yara kuwa, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe tana ba da shawarar kada wanda bai kai shekara 16 ba ya tuƙa shi. Ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza: yaro mai kilo 35 ba shi da nauyin da zai danne injin da ya ninka shi sau biyar. Uban da ya miƙa masa makulli don a ɗauki hoto, in abu ya faru ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ya ji tsoron Allah. Amana aka ba shi.

Rawani yana tare rana da ƙura, ba ya tare karayar ƙoƙon kai. Hular kwano mai rufe haɓa, a ɗaure igiyarta, da tabarau mai manne wa fuska, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu. Babbar riga da mayafi da jelar rawani a bar su a mota, sarƙa ba ta sakin abin da ta kama. A tafi da ruwan sha mai yawa da igiyar ja, kuma kada mutum ya shiga shi kaɗai, ko a Thumamah ta kusa da Riyad yake, ko a tuddan Tulo-Tulo na Yusufari a jihar Yobe. Maye da tuƙin dare da gudun burge 'yan kallo su ma suna da nasu kason wajen jawo haɗari.

Bayan an dawo aiki bai ƙare ba. A fara kakkaɓe rairayi da iska ko buroshi, sannan a wanke da ruwa marar ƙarfi, don injin wankin mota mai feshi yana tura rairayi cikin boris. A ɗura sabon giris a mahaɗai har tsohon ya fito, a duba robobin da ke rufe gaɓoɓin ƙafa ko sun yage, a taɓa notocin wili, a ga kaurin birki. In za a hau ƙasa mai tauri, a mayar da iskar taya yadda take.

Kai kuma mai zuwa haya na rabin awa, kafin ka biya ka danna totur ka saki, ka ga ko yana komawa da kansa, don rairayi na sa shi maƙalewa. Ka matsa birkin gaba da na baya, ka dubi tayoyin, ka tambayi inda maɓallin kashe injin yake. In mai hayar ya ce ba shi da hular kwano daidai kanka, ko ya ce ku hau ku biyu a kan na mutum ɗaya, karɓi kuɗinka ka nemi wani wurin.