Likitan da Ya Fara Bincikensa da Karnuka: Asalin Maganin Dajin Furostet

Jama'a da dama suna kiran wannan cuta dajin mafitsara, amma ainihin wurin da take kamawa wata 'yar halitta ce da likitoci ke kira furostet, wadda ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta kewaye hanyar fitsari. A Nijeriya, shi ne dajin da ya fi kama maza. Mun ga ya dace mu bayyana asalin wani magani da ake yi masa a asibitoci, domin dattawa da yawa kan tsorata idan likita ya ambace shi.

A shekarar 1927 Jami'ar Shikago ta ƙasar Amurka ta ɗauki wani matashin likitan tiyata mai suna Charles Huggins, haifaffen Kanada, yana da shekara 26. Aka ɗora masa kula da cututtukan hanyar fitsari, alhali ba fannin da ya ƙware a kai ba ne. Sai ya duƙufa karatu, yana duba majinyata, yana kuma bincike a ɗakin gwaji.

Ya zaɓi karnuka ne saboda furostet ɗin tsohon kare yakan kumbura kamar na tsohon mutum. Shekara da shekaru yana tara ruwan da wannan halitta ke fitarwa yana aunawa, aikin da ba kowane matashi ne zai jure masa ba. Ya lura cewa idan aka fiɗiye kare, furostet ɗinsa sai ya motse. Idan aka ba shi sinadarin namiji, sai ya sake girma. Makiyayi ba zai yi mamaki ba, tunda ya san yadda fiɗiya ke sauya bijimi.

A 1941, shi da ɗalibinsa Clarence Hodges suka nuna cewa haka abin yake ga mutane. Majinyatan da dajin ya riga ya kai musu ƙashi sun sami sauƙin raɗaɗi bayan an cire musu 'ya'yan maraina ko an ba su sinadarin mata. Wannan aiki ne ya sa aka ba Huggins kyautar Nobel a 1966.

Har yau a kan wannan tushe ake tafiya, sai dai yanzu akwai allurai masu rage sinadarin namiji ba tare da tiyata ba. Maganin yana danne cutar ne, ba ya tumɓuke ta, kuma yana rage ƙarfin namiji. Likita zai yi wa majinyaci bayani kafin ya zaɓa.

Muna roƙon hakimai, dagatai da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi su isar da wannan bayani. Duk namijin da ya haura shekara 45, musamman mai fama da yawan fitsarin dare, ko fitsari da ƙyar, ko jini a ciki, ya je asibiti ya nemi shawara kan gwajin jini na PSA. Ba kowane kumburi ne daji ba. Gwaji ne ke rarrabewa.