Turaren Ɗaki: A Gwada Shi a Wuta Kafin a Biya

Mai sayar da turaren wuta ya san lagon mai saye: ya buɗe kwalba, ya kai maka ita hanci. Abin da ka shaƙa a lokacin ruwan turaren da aka zuba a sama ne, shi kuwa da ya ji zafi sai ya tashi cikin 'yan mintoci. Abin da zai kwana a labule da kujeru shi ne itacen da ke ƙasa. Don haka kafin ka ciro kuɗi, ka ce a ɗora maka kaɗan a garwashi, ka jira har hayaƙin ya kusa ƙarewa. A nan gaskiyar turaren take.

Haɗin da muka koya daga matan Barno, Barebari da Shuwa, ba ɓoyayye ba ne: itace irin su hawi, gabgab ko sandal, a ƙara kajiji da farce, a jiƙa da turaruka, a soya da sukari don ya riƙe ƙamshin. Sukarin nan shi ne ƙofar algus, domin ga arha ga ƙara nauyi. Idan ya yi yawa, farkon hayaƙin lafiya lau, daga baya sai ƙauri ya cika ɗaki kamar an manta tukunya a murhu. Wani lokaci kuma laifin na mai turarawa ne. Garwashi mai ci jajur ƙona turare yake yi. A bari toka ta ɗan rufe shi tukuna.

Sai batun oud, sunan da yanzu ake liƙa wa kowace kwalba. Na ainihi daga bishiyar Aquilaria yake fitowa, a yankin Assam na Indiya da Kambodiya da Biyetnam da Indunusiya, kuma ba kowace bishiya ke yin sa ba, sai wadda ta ji rauni, cuta ta shige ta, ta tara baƙin ƙaro a cikinta don kare kanta. An yi ta sararta har ta yi ƙaranci, shi ya sa tun 2004 yarjejeniyar CITES ta sa ido kan fataucin dukkan nau'o'inta tsakanin ƙasashe. Cikakkiyar kwalba mai wannan suna da aka sallama maka da arha, haɗin sinadarai ce. Wannan ba aibu ba ne, wasunsu ma da daɗi, amma kada a karɓi kuɗin oud a hannunka.

Hanci yana sabawa da ƙamshin da ya daɗe yana shaƙa har ya daina jin sa. Uwargida sai ta ɗauka turaren ya sane, ta ƙara, ta sake ƙarawa, baƙo ya shigo idanunsa na yaji. In kina son sanin gaskiyar ɗakinki, fita tsakar gida ki ɗan jima, sannan ki dawo. Kuma turare ba ya kashe wari. Kafet ɗin da ya sha danshin damina shanya yake so. In an turara shi a haka, wari biyu za a samu.

Abin da ya fi damuna shi ne hunturu, lokacin da ake toshe tagogi a bar kasko a ɗaki. Gawayi mai ci yana fitar da iskar guba ta kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kisa cikin barci. A turara ɗaki taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Kaskon lantarki ya rage wannan haɗarin, amma hayaƙi hayaƙi ne ga jariri da mai asma, har na turaren tsinke.

A wurin aiki kuwa, hancin ba naka kaɗai ba ne. Ofis mai na'urar sanyaya ɗaki iska ɗaya yake juyawa, ga mai juna biyu, ga mai ciwon ɓarin kai, kuma ba kowa zai iya ce wa oga ya rage ba. Nan abu mara hayaƙi ya dace, kamar kwalbar mai da ake tsoma wa tsinkaye, a ajiye ta kusa da ƙofa, nesa da teburin mutane. Na'urar da ke fesawa da kanta a sa ta a tazara mafi tsawo. Shagon da ake sayar da burodi, madara ko man shanu kuwa a bar shi da shara da goge-goge kawai, domin maiƙo yana ɗaukar ƙamshi, kuma babu mai son shan shayi yana jin humra a burodinsa.