Daga Gimbana Zuwa Jega: Tarihin Da Damina Ke Cinyewa

Matafiyin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Tambuwal, ya gifta Aliero ya iso mararrabar Jega, ba abin da zai fara cika masa ido sai manyan motoci da buhunan albasa da na shinkafa, da layin kantuna na bulo masu rufin kwano. In ya miƙe kudu ya nufi Maiyama da Koko, haka zai yi ta gani har ya kai Yawuri. Da wuya ya tuna cewa ƙasar da yake ratsawa tana cikin wuraren da aka ƙulla tarihin Daular Usmaniyya, domin kuwa yawancin gine-ginen da za su tuna masa da haka na ƙasa ne, ginin ƙasa kuwa in an daina yi masa yaɓe ba ya jimre wa damina da yawa.

A wannan yanki ne garin Gimbana yake, watau inda Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna da jama'arsa bayan ya baro ƙasar Gobir a zamanin Sarki Nafata. A ƙarshen 1803, cikin watan azumi, mayaƙan Sarkin Gobir Yunfa suka auka wa garin, suka kashe na kashewa, suka kama na kamawa. Da aka zo wucewa da kamammun kusa da Ɗegel sai jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan al'amari yana cikin manyan dalilan da suka sa zama ya gagara tsakanin Yunfa da Shehu, har aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Bayan rasuwar Shehu a 1817 saɓani ya shiga tsakanin Abdussalami da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka yi yaƙi a Kware, Abdussalami ya rasu a 1818. Ɗansa Buhari shi ne ya kafa Jega wajen 1820, a bakin Gulbin Zamfara, kuma har yau sarautar garin ita ce Sarkin Kabin Jega.

Kafin ƙarshen wancan ƙarni kasuwar Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Daular. Fataken goro masu zuwa Gwanja suna yada zango a nan, gishirin Foga yana shigowa daga yamma, jiragen ruwa kuma suna haɗa ta da Kwara da ƙasar Nufe. Kasuwa irin wannan ba ta rasa gidajen baƙi, da manyan zauruka na fatomai, da marina, da masallatai da makarantun allo na unguwanni. Waɗannan su ne shaidun tarihin garin, kuma su ne ake rushewa ɗaya bayan ɗaya a garuruwan ƙasar Hausa duk lokacin da magada suka sami halin sayen siminti.

Hikimar magina

Ginin ƙasa na Hausa sana'a ce mai ƙa'ida, ta gado, mai sarkinta. Magini yana cuɗa ƙasa da ciyawa ya bar ta ta ruɓa, a mulmula tubali a shanya, sa'an nan a jera shi a bango mai kauri daga ƙasa yana sirancewa zuwa sama. Azara ta giginya ce, domin gara ba ta cika cinta ba, kuma da ita ake ɗaura bakan gizo da ɗaurin guga waɗanda ke riƙe rufin babban soro ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Makuba ta kwasfar ɗorawa da laso mai katsin marina su ke kare bango da rufi daga ruwa, indararo kuma ya zubar da shi nesa da gindin gini. Wanda ya taɓa shiga soro da tsakar rana a watan Afrilu ya san bambancinsa da ɗakin kwano.

Amma duk wannan hikima tana da sharaɗi guda, shi ne a riƙa duba gini kowace shekara kafin saukar ruwa, a toshe tsaga, a gyara indararo, a sabunta yaɓe. Muddin aka yi sakaci shekara biyu ko uku, ruwa zai sami hanya, azara ta jiƙa, rufi ya rufta. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa da gidaje masu yawa a Jihar Kebbi, ta nuna yadda aikin shekaru ke narkewa cikin 'yan kwanaki. Bugu da ƙari, ƙwararrun magina suna ƙarewa, 'ya'yansu kuwa sun koma aikin bulo, don a nan abinci yake.

Abin da ya faru a Biyetnam

Akwai wata ƙasa a kudu maso gabashin Asiya wadda labarinta ya kamata ma'aikata da ɗalibai su sani game da wannan al'amari, ita ce Biyetnam. A daidai shekarun da ake yaƙe-yaƙen farko na jihadi a ƙasar Hausa, watau 1804 da 1805, Sarki Gia Long, wanda ya kafa gidan sarautar Nguyen a 1802, ya sa aka fara gina masa birni a Huwe. Ganuwar birnin, mai kewayen kimanin kilomita 10, da ƙasa aka fara tayar da ita, daga baya aka lulluɓe ta da jan bulo. Sarakuna 13 suka yi mulki daga wannan gida, har na ƙarshensu, Bao Dai, ya sauka a 1945.

Abin da ya sami Huwe daga baya ya fi ƙarfin damina. An ƙone wani sashe na fadar a 1947 lokacin yaƙi da Faransa, sa'an nan a 1968 aka shafe kusan wata guda ana gwabzawa a cikin birnin tsakanin sojojin Amurka da na Kudu a gefe guda, da mayaƙan Arewa a ɗaya gefen. Mafi yawan gine-ginen fadar suka zama kufai. Ga shi kuma ruwan da ke sauka a Huwe cikin shekara ya ninka na Jega kusan sau uku, gine-ginen kuwa yawancinsu na katako ne.

A 1981 shugaban hukumar UNESCO na lokacin, Amadou Mahtar M'Bow, mutumin Senegal, ya yi kira ga duniya da a ceci Huwe. A shekarar da ta biyo baya aka kafa hukuma ta musamman mai kula da gine-ginen, ko da yake ƙasar tana cikin matsanancin talauci bayan yaƙi. Aka shiga aune-aune da zane-zane da tattara tsofaffin hotuna, aka nemo kafintoci da masu sassaƙa da suka rage aka haɗa su da matasa. A 1993 aka sanya Huwe cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Fadar Kien Trung, wadda ta rushe lokacin yaƙi da Faransa, an sake gina ta bisa tsofaffin hotuna da zane, aka buɗe ta a 2024.

Darasin garin Hoyi An ya ma fi kusa da halin da Jega take ciki, domin shi ma garin fatauci ne a bakin kogi, kuma ambaliya tana shiga titunansa kusan kowace shekara. Akwai tsofaffin gine-gine na katako fiye da 1,000 a cikinsa, da yawansu gidajen talakawa ne da ake zaune a ciki. Hukumar garin ba ta kori masu gida ba. Ta sa kuɗin shiga ga baƙi masu yawon buɗe ido, ana ɗibar wani kaso ana taimakon masu gidajen su gyara bisa tsohon fasali. An karɓi garin cikin jerin UNESCO a 1999.

Abin da ke hannu a gida

Ba a ce ƙasar Kabi ba ta da abin nunawa ba. Kufan Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya gina a ƙarni na 16 bayan ya ɓalle daga Askiya na Songhai, har yanzu ganuwarsa ta dutse tana tsaye a wurare da dama, ko da yake an bar birnin tun farkon ƙarni na 18. Yau yana cikin Jihar Sakkwato, kuma tun 2007 yake cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman a amince da su a duniya. A Argungu, tsohuwar fadar Sarkin Kabi, wadda aka tashi daga cikinta a 1942, an mai da ita Gidan Tarihi na Kanta a 1958, shi ya sa ta tsira. A Gwandu kuma ga hubbaren Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda masu ziyara ba su yanke masa ba. A ƙetaren iyaka, tsohon birnin Agadas na Jamhuriyar Nijar da dogon hasumiyarsa ta ƙasa ya shiga jerin duniya a 2013, abin da ya tabbatar da cewa ginin ƙasa ba abin rainawa ba ne.

Abin lura shi ne, duk wuraren nan da suka rayu, ko dai da dutse aka gina su, ko kuwa an sami wanda ya ɗauki nauyinsu. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ba da ikon a ayyana wuri a matsayin abin tarihi na ƙasa, amma hukumar da ke Abuja ba za ta san zauren wani fatoma a Jega ba, ko tsohon masallacin wata unguwa a Maiyama, sai in na gida sun kai mata labari a rubuce.

Aikin da ke gaban ma'aikata da ɗalibai

Matakin farko ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama, tare da hakimai da dagatai, suna iya tsara jerin abin da ya rage a ƙasarsu: gurbin ganuwa da ƙofofi, tsofaffin masallatai, zaurukan sarauta, karofi, rijiyoyi, maƙabartun malamai da kufan garuruwa irin su Gimbana. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a Aliero a 2006 tana da ɗaliban da za su iya auna waɗannan wurare, su zana su, su ɗauki hotunansu, su kuma naɗi bayanin dattawa tun suna raye. Mutanen Huwe ba su iya sake gina fadarsu ba sai don an sami wanda ya ɗauki hotonta kafin ta faɗi.

Mataki na biyu shi ne a ware ɗan abin da zai isa yaɓen gine-gine biyu ko uku a kowace ƙaramar hukuma duk shekara, a ba Sarkin Magina da mutanensa aikin, da sharaɗin su ɗauki yara masu koyo. Ta haka gini zai tsaya, sana'a ma ta tsaya. Na uku kuwa, ofishin filaye ya daina raba gurbin ganuwa da kufai a matsayin fuloti ko gona kafin a bincika abin da ke wurin.

Magina sun san lokacin wannan aiki: daga an gama kaka, ruwa ya janye daga fadama, har zuwa bazara kafin hadarin farko ya haɗo. Watanni ne kamar biyar a kowace shekara. Soron da aka bari bana bai sami yaɓe ba, mai yiwuwa ne baɗi ɗalibin da ya zo auna shi ya tarar da tudun ƙasa, an riga an fara kwasarta ana cike kwalbati.